Sun dawo min da muƙala saboda tsari, in biya a buga min ita cikin mako biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Farfesa. Ni ƙaramar malama ce a jami'a. Na tura muƙalata wata mujalla, bayan kwana huɗu edita ya dawo min da ita, wai ban bi tsarinsu ba. Ga lokacin ƙarin girma ya ƙarato, hankalina a tashe yake. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya gyara, ya kuma sa a buga ta a mujallar da ke cikin Scopus, wato kundin da ke jera mujallun bincike na duniya, cikin mako biyu. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, ba binciken aka ƙi ba, bai ma kai hannun masu tantancewa ba. Buɗe ƙa'idojin da mujallar ta gindaya wa marubuta, ki ɗauko muƙala ɗaya daga fitowarsu ta baya-bayan nan ki ajiye kusa da taki. Duba yawan kalmomi, tsawon tsakure, da salon manazarta: APA ce ko Vancouver mai lambobi. Manhajar Zotero mai tsara manazarta kyauta ce, za ta juya miki su nan take. In mujallar na ɓoye wa masu tantancewa sunan marubuci, cire naki har daga bayanan fayil ɗin Word. Aikin yini guda ne.

Amma wannan mutumin, kada ki ba shi ko sisi. Kullum sai an kawo min wannan magana ofis, har ta ishe ni. Wane mai tantancewa ne zai karanta aikinki, ki yi gyara, a buga, duk a kwana 14? Babu! A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya tura muƙalar bogi mai kurakurai ƙarara ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS tarar fiye da dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta. Wasu ma sunan mujalla ta gaskiya suke sata su buɗe shafin jabu. Lambar ISSN da suke nunawa rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba.

Abin da ya fi ci min rai, da zarar muƙalar ta fito a irin waɗannan mujallun bogi, ta mutu. Mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga, kwamitin ƙarin girma kuma yana iya ƙin lissafa ta. Su ma kwamitocin da ke ƙirga takardu kamar buhunan gero suna da nasu laifin, su suka buɗe wa 'yan damfarar nan kasuwa.

Jerin mujallun Scopus a buɗe yake a shafinsu, har da waɗanda suka cire. Duba da kanki, ki gyara taki, ki mayar wa editan nan cikin makon nan. Allah ya ba da sa'a.