Likita ya ba ni rahoto, lauyan kamfani ya ce bai yarda ba

Tambaya: Barista, na faɗo daga tsani a wurin aiki, bayana ya samu matsala, na kai kamfanin ƙara ina neman diyya. Likitan da ya duba ni ya ba ni rahoto da hatimi da sa hannu, amma lauyansu ya miƙe ya ce kada kotu ta karɓa. Wani ya ce zai samo min takarda "mai ƙarfi" daga likitan da ya sani. Barci ya gagare ni. Ƙarata ta rushe ke nan?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ƙararka tana nan daram, lauyan can aikinsa yake yi. Amma mai takarda mai ƙarfin nan, ka yi nesa da shi tun yau.

Abin da nake fama da shi kullum ke nan: mutane sun ɗauka hatimin likita hukunci ne. Su shigo ofis suna kaɗa takarda kamar an gama shari'a. Karɓar takarda daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban. Kotu na iya karɓa, ta karanta, ta ajiye gefe. Abin da take nema shi ne: likitan nan fanninsa ne? Likitan ido ba ya ba da ra'ayi kan ƙashin baya. Ya duba ka da kansa, ko labari aka kai masa? Ta wace hanya ya kai ga ra'ayinsa? A kotunan tarayyar Amurka, tun hukuncin Daubert na 1993, alƙali ke tsaron ƙofa, yana auna ko an gwada hanyar, ko masana sun tantance ta. A Ingila, shari'ar Bolitho ta 1997 ta ce ko likitoci sun haɗu kan ra'ayi, alƙali na iya watsi da shi idan hankali bai ɗauka ba. To ina ga takardar da aka rubuta wa wanda ba a taɓa gani ba?

Likitan da aka saya, ko minti goma ba ya kaiwa idan lauya ya titsiye shi. Yaushe ka duba shi? Ina hoton ƙashin? Ina fayil ɗin asibiti? Nan take zai fara inda-inda, ya tafi da ƙararka, har da gaskiyar da ke cikinta, kai kuma ka jawo wa kanka tuhumar shaidar zur. Ƙwararre kotu yake yi wa aiki, ko da kai ka biya shi.

Inda ƙararraki irin taka suka fi faɗuwa shi ne sanadi. "Yana da ciwon baya" bai isa ba. Sai likita ya nuna faɗuwar ce ta fi yiwuwa ta jawo shi, ba tsohon ciwo ba. A shari'ar Barnett ta 1968 a Ingila, likita ya ƙi duba wani mai gadi da ya sha guba, kotu ta yarda an yi sakaci, amma matarsa ba ta samu diyya ba, domin ko an duba shi, ajalin ya riga ya zo.

Ƙa'idojin gabatar da rahoto sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka zauna da lauyanka, ku nemi cikakken fayil ɗinka, ku shirya kiran likitan da ya duba ka. Idan ya ƙi zuwa, a nemi kotu ta aika masa sammaci.