Me ya sa salon yatsun jita ba ya zama a kan tiyorba?

Tambaya: Malam, na daɗe ina kaɗa jita, kwanan nan kuma na fara koyon tiyorba, wato babban kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da dogon wuya. Idan na warware haɗin sauti ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba, wato babban yatsa, manuniya, na tsakiya, sannan na zobe, sai in ji sautin yana tsalle sama da ƙasa ba bisa tsari ba. Yaya makaɗan zamanin da suke yin wannan warwarewar, wato arfejiyo, da hannun dama?

Amsa: Dalilin abin da kake ji yana cikin ɗaurin tsirkiyoyin kayan kiɗan. Tiyorba ta bayyana a Italiya a ƙarshen ƙarni na 16 domin raka mawaƙa, kuma galibi tana da layin tsirkiya 14. Saboda tsawonta, tsirkiyar hanjin dabba ba ta jure a ɗaure ta har ta kai sautin da ake so a layi na farko da na biyu, tsinkewa take yi, shi ya sa aka sauke waɗannan biyun da oktaf guda, wato tazarar da ke tsakanin wani sauti da takwaransa na ƙasa mai suna iri ɗaya. Sakamakon haka tsirkiya ta uku ce ta fi kowace siririyar murya, alhali a jita ta farko ce ke da wannan matsayi.

Ɗauki misali a ɗaurin A da aka fi amfani da shi. Ka bar tsirkiya ta shida da ta biyu da ta farko a sake, ka danne ta uku a gaɓa ta biyu ta wuyan tiyorbar. Ta shida za ta ba ka A ta ƙasa, ta biyu E, ta farko A ta sama, ta uku kuma C# wadda ta ɗara su duka. Idan ka bi jerin jita, daga A ta ƙasa za ka faɗa kan C# kai tsaye, sannan ka gangaro E, ka sake hawa, wanda shi ne tsallen da ya dame ka.

Makaɗin tiyorba Giovanni Girolamo Kapsberger ya nuna mafita tun a littafinsa na farko na kiɗan wannan kaya, wanda aka buga a Benis a 1604. Yatsu uku kawai yake kaɗawa da su. Babban yatsa ya ɗauki tsirkiyar ƙasa, manuniya ta taɓa ta biyu, na tsakiya ya taɓa ta farko, sannan manuniya ta tsallako baya ta kaɗa ta uku, ta yadda sautuka huɗun za su hau a jere daga mai kauri zuwa siriri. Wannan dawowar ta manuniya ita ce ginshiƙin salon, kuma ita ce ke wahalar da wanda ya taso a kan jita, domin hannunsa ya saba ba kowane yatsa tsirkiyarsa. A cikin littafin akwai Toccata arpeggiata, wadda aka rubuta ta a matsayin haɗe-haɗen sauti a dunƙule tare da alamar a warware su, kuma a ganina babu darasin da ya fi ta amfani ga mai koyo: ka bi ta a hankali ƙwarai, kana saurare ko sautin manuniya na biyu ya fito da nauyi daidai da na farko, domin a nan ne yawancin masu koyo ke yin gaggawa har sautin ƙarshe ya fito a shaƙe.

Game da zaman hannu, wani makaɗin tiyorba, Alessandro Piccinini, ya yi bayani a littafinsa na 1623 da aka buga a Bolonya. Ƙaramin yatsa yana dogare a kan fuskar kayan kiɗan, babban yatsa yana miƙe waje domin ya kai ga dogayen tsirkiyoyin ƙasa, sannan ya so a bar farce ya ɗan zarce tsoka kaɗan, a fara taɓa tsirkiya da tsoka kafin ta zame kan farcen. Ba kowa ne ya bi shi ba. Thomas Mace na Ingila, a 1676, ya fifita tsoka zalla saboda daɗin sautinta, ko da yake ya yarda farce na iya yin amfani idan ana kiɗa cikin taron wasu kayan. Saboda haka duk wanda ka zaɓa a cikin biyun kana da madogara a tarihi.

Shawarata ita ce ka ajiye yatsan zobe gaba ɗaya na wasu watanni, har hannunka ya koyi bin tsayin sauti maimakon jerin tsirkiya. Ka kuma kula da babban yatsa, domin dogayen tsirkiyoyin nan suna daɗewa suna amo, kuma idan ba ka koma ka tsayar da wadda ka kaɗa ba lokacin da haɗin ya sauya, za ta cakuɗe da sabon sautin ƙasa ta dagula arfejiyon komai kyan aikin sauran yatsun.