Wane Dutse Zan Hau In Samu Shiru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na hau Kufena, na hau Dala, amma kullum sai in tarar da jama'a da hayaniya. Hutun Disamba ina so in je inda zan ji shiru. An ba ni shawarar Chappal Waddi. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Chappal Waddi kam akwai shiru. Shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Sai dai tafiya ce ta kwanaki da kwana a daji, kuma sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Bar shi sai ƙafa ta saba.

Ni dai duwatsun Shere nake so ka fara da su. Suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, amma kada wannan ya razana ka, don shi kansa Jos yana kan tudu ne mai kusan mita 1,200. Yini guda ya isa hawa da sauka.

Ranar da na hau, bayan sallar asuba muka kama hanya, ni da wani saurayi Bajare ɗan yankin. Ka nemi irinsa, Malam, ka kuma tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ka fita. Matambayi ba ya ɓata. Can sama duwatsun kamarsu ɗaya, ga hanyoyin makiyaya sun sarƙe. Da muka zauna kan wani falalen dutse, ban ji komai ba sai iska da kukan wata saniya daga can ƙasa. Na fi rabin awa ban ce uffan ba, shi ma yaron, Allah ya yi masa albarka, bai dame ni da surutu ba.

Abu ɗaya game da Disamba: hazo. Idan hunturu ya kankama, sai ka sha wahalar hawa amma garin Jos ya ɓace maka cikin ƙura. Da son samu ne, Nuwamba ta fi, ruwa ya ɗauke kuma sama garau. Tunda hutunka ba a hannunka yake ba, ka duba gari da safe, ka zaɓi ranar da hazo ya yi sauƙi.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, ruwa aƙalla lita 2, dabino, da kambas mai kama ƙasa. Kada ka raina sanda. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ni sai da na yi kwana biyu ina sallah a zaune. Ka juyo da azahar ko da ba ka kai ƙololuwa ba, don magariba ta same ka a gari.