Yadda Ake Tafiyar da Gasar Wasannin Makarantun Sakandare ta Shiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare da ke Zariya. Ni da takwarorina na makarantun da ke maƙwabtaka da mu muna son kafa gasar ƙwallon ƙafa ta shekara-shekara, amma duk lokacin da muka gwada sai ta watse tun ba a kai wasan ƙarshe ba, galibi saboda rigimar shekarun 'yan wasa da zargin alƙalai da son kai. Na ji cewa makarantun Amurka suna da tsari mai ƙarfi a wannan fanni. Don Allah a bayyana mini yadda suke shirya tasu gasar, da kuma wanda yake riƙe da ragamarta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya da kake yi wa yara.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta gudanar da wasannin makarantun sakandare, kowace jiha tana da ƙungiyarta da dokokinta. Saboda haka zan ɗauki jihar Texas, wadda ƙungiyarta, UIL, ta samo asali tun 1910 a ƙarƙashin Jami'ar Texas da ke birnin Austin. Da gasar muhawara aka fara kafin wasanni su shigo, kuma har yau ita ce take shirya gasar kiɗa da ta darussa tare da ta ƙwallo.

Matakin farko shi ne raba makarantu bisa yawan ɗalibansu. Akwai matakai shida, daga 1A na ƙananan makarantun karkara zuwa 6A na manyan makarantun birane, kuma duk bayan shekara biyu ake ƙirga ɗalibai a watan Oktoba, sannan a fitar da sabon rabo a watan Fabrairu. Hikimar ita ce kada a haɗa makarantar da take zaɓar 'yan wasanta daga cikin dubban yara da wadda duka ɗalibanta ba su kai ɗari ba. Ƙananan makarantun ma an sauƙaƙa musu, domin a zari-ruga irin ta Amurka mutum shida-shida suke bugawa maimakon goma sha ɗaya. Kowane mataki kuma an yanka shi gunduma-gunduma bisa kusancin makarantu, a mataki na 6A akwai gundumomi 32 a cikin shiyyoyi huɗu. Makarantun gunduma ɗaya suna karawa da juna, huɗun da suka fi samun nasara su wuce zagayen sili ɗaya ƙwale, har a kai wasannin ƙarshe na zari-ruga da ake yi a watan Disamba a filin wasa na AT&T da ke birnin Arlington.

Amma abin da ya fi shafar tambayarka, Malam, shi ne wanda yake da ta cewa. A kowace gunduma akwai kwamitin zartarwa da ya ƙunshi manyan jami'an makarantun da ke cikinta ko wakilansu, ba masu horar da 'yan wasa ba. Wannan kwamiti shi yake tsara jadawali, shi yake tabbatar da zakaran gunduma, shi kuma yake sauraron ƙorafi, kuma idan ƙarar ta shafi makarantar wani daga cikinsu, ba ya jefa ƙuri'a a kanta. Manyan laifuffuka suna zuwa gaban kwamitin jiha, dokokin kuwa majalisar shugabannin makarantu mai mutum 32 ce take tsara su. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake, domin mai horarwa yana da buƙatar cin wasan yau, shugaban makaranta kuwa sunan makarantarsa da sa hannunsa ne a kan takarda, kuma zai sake zama da takwarorinsa a shekara mai zuwa.

Dokokin cancanta a rubuce suke tun kafin a busa usur na farko. Ɗalibin da ya cika shekara 19 a ranar 1 ga Satumba ko kafinta ba ya shiga gasar wannan shekarar, kuma shekara huɗu kaɗai yake da ita tun daga shigarsa babbar sakandare. Wanda ya sauya makaranta sai an cike takarda da tsohuwar makarantarsa za ta sa wa hannu, idan kuma aka gano cewa don wasa aka ɗauko shi, sai a dakatar da shi. Makarantar da ta sa wanda bai cancanta ba tana rasa wasan da ya buga, ko da ita ta kai ƙarar kanta. Akwai kuma dokar da majalisar jihar ta kafa a 1984, wadda ta ce ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 cikin ɗari a wani darasi a ƙarshen zangon tantancewa ba zai buga wasa ba. Da farko mako shida ake dakatar da shi, a 1995 aka mayar da shi mako uku. Wannan doka ta sha suka daga iyaye da masu horarwa, amma ni ina goyon bayanta, domin ita ce take hana filin wasa ya cinye aji.

Alƙalan wasa ba ma'aikatan makarantu ba ne, suna da ƙungiyarsu mai horar da su, kuma sai makarantun biyu sun amince da su kafin ranar wasa. Kuɗi yana fitowa ne daga kasafin hukumomin ilimi, da tikitin shiga fili, da gudummawar ƙungiyoyin iyaye. A nan ne nake ganin sun wuce gona da iri, domin a 2012 garin Allen ya buɗe filin wasan makarantar sakandare mai ɗaukar mutum 18,000 da ya ci kusan dala miliyan 60. Wannan ba abin koyi ba ne a gare ku, kuma ba shi ne ya riƙe musu gasar ba.

Tsarin shiyya ba baƙo ba ne a Najeriya, domin gasar ƙwallon kwando ta Milo, wadda aka fara a 1999, shiyya-shiyya ake yin ta kafin zakaru su haɗu a Legas. Abin da yake kashe ƙananan gasanninmu shi ne sojan gona, wato a ga ƙato mai gemu da ya daɗe da gama makaranta ya sa rigar ɗalibai, sai kuma a tsaya a tsakiyar fili ana musu a kan takardar rantsuwar kotu da aka yanko a makon jiya. Shawarata ita ce ku kai maganar gaban shugabannin makarantunku su zama su ne masu gasar, ku kuma ku zama masu aiwatarwa. Kowace makaranta ta miƙa sunayen 'yan wasanta da hotunansu da lambar shigarsu makaranta, da sa hannun shugaba, makonni kafin a fara, a raba wa kowa kwafi domin mai ƙorafi ya yi tun da wuri, kuma a dogara da rajistar shiga aji ɗaya ta ƙaramar sakandare, wadda ta fi wuyar sauyawa. Ku nemi alƙalai daga ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha, a biya su daga asusun gasar, kada a bar mai masaukin baƙi ya sallame su da hannunsa. Wajen tsara jadawali kuma ku kauce wa watan azumi da lokacin jarrabawar WAEC da NECO, sannan ku fara da makarantu shida ko takwas da yara za su iya zuwa su dawo kafin magariba.