Sun kwashe mini taru da inji a tsakiyar ruwa, zan iya maka su a kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni masunci ne a gaɓar tafkin Kainji, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Mako uku ke nan, da sanyin safiya ina cikin janye taru, jami'an kula da kamun kifi suka tare ni da jirginsu. Suka ce idon taruna ya yi ƙanƙanta, suka kwashe taru biyu da kifin da na kama, har da injin jirgina. Ba su nuna mini takardar kotu ba, ba su kuma rubuta mini komai ba. Ɗana ya fusata ya ture ɗayansu. Daga baya wani cikinsu ya aiko in kawo kuɗi a sakar mini inji. Ni kuwa duk shekara ina biyan Sarkin Ruwa, kuma ruwa na Allah ne. Ina so in kai su kotu su biya ni asarata.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Na san raba masunci da inji daidai yake da raba gidansa da tukunya. Amma bakinka kaɗai na ji, ban ga tarun ba, don haka abin da zan faɗa ya rataya ne a kan cewa yadda ka ba da labarin haka ya faru.

Abin da ka fi dogara da shi, wato rashin takardar kotu, shi ne ya fi rauni a maganarka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa. Da ɗakinka suka kutsa suna neman taru, da mun yi wata magana. Jirgin da ke kan ruwan jama'a, da taru jiƙe a cikinsa kowa na gani, da wuya alƙali ya ɗauke shi kamar ɗakin kwana. Dokokin kamun kifi sukan bai wa jami'i ikon tsayar da jirgi, ya duba kayan su da abin da aka kama, ya riƙe abin da yake zargin an yi laifi da shi. Da sai ya tafi neman takarda ya dawo, ai da bai taɓa tarar da kowa ba.

Batun ruwa na Allah ne, babu mai musu. Sai dai ko dokar albarkatun ruwa ta 1993, wadda ta yarje wa kowa ya yi su, sharaɗi ta gindaya: kada kamun kifin ya saɓa wa wata doka da ke aiki. Dokar kuwa tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamun kifi da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci uku, sai 'yar togaciya da aka yi wa masu kama ƙananan kifayen nan da ake kira warangi. Ta hana guba, ta hana abin fashewa, ta hana lantarki. Bayan ita kuma Neja da Kebbi, da suka raba tafkin, kowacce tana da tata dokar, domin Tsarin Mulki ya cire kamun kifi a koguna da tafkuna daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ba ka faɗa mini a wane ɓangare aka tare ka ba, kuma amsar tana iya ɗan sauyawa da hakan. Ko da kakanninka sun yi su a kogin Kwara tun kafin a datse shi a 1968, gadon sana'a ba ya ɗauke wa mutum ƙa'idar idon raga, kamar yadda bai hana a haramta dala, wato babban tarun da ake janyowa zuwa gaɓa, a tafkin ba tun ƙarshen shekarun 1990.

Na lura ba ka ce tarun ya cika awo ba. Cewa ka yi su suka ce ya yi ƙanƙanta. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, yatsa nawa ne? Yawanci ja ake yi wa idon ya miƙe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. In kana da ragowar ragar a gida, ka sa abin awo ka duba kafin ka kashe ko sisi a kan lauya. In bai kai ba, ƙarar da ka shigar za ta iya juyewa ta hau kanka.

Kuɗin da kake bai wa Sarkin Ruwa ma, ina jin tsoron ba zai tsaya maka a matsayin lasisi ba, sai fa in hukuma ce ta ɗora masa karɓa kuma yana ba ka rasiɗinta. Ka duba takardar, in akwai tambarin gwamnati ka adana ta da kyau. Ko da lasisin ne ma, izinin shiga ruwa ya ba ka, bai halatta maka ƙaramin ido ba.

To, inda kake da abin faɗa shi ne inji. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya yarda a riƙe dukiyar mutum na ɗan lokaci don bincike, ya kuma yarda a ƙwace ta a matsayin hukunci idan an bi hanyar shari'a. Riƙewa daban, mallakewa daban. Mako uku babu takardar lissafin kayan da aka ɗauka, babu tuhuma a gaban kotu, sai saƙon a kawo kuɗi ta bayan fage, wannan kam ban ga dokar da za a jingina shi da ita ba. A dokar 1992 hukuncin ƙaramin ido tarar naira 500 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, tare da rasa ragar da kifin. Ta jiha tana iya fin haka, amma duk tarar da babu rasiɗi ba tara ba ce. Abin yana ɓata mini rai, domin irin wannan hali ne ke sa masunta su raina dokar da aka yi don kada kifi ya ƙare musu. Kada ka bayar. Wanda ya ba da cin hanci shi ma mai laifi ne, kuma ka adana saƙon da shaidar wanda ya kawo shi.

Duk da haka ba zan tura ka kotu yanzu ba, kuma babban dalilina ɗanka ne. Ture jami'i a bakin aikinsa laifi ne mai zaman kansa, wanda zai iya fin na tarun nauyi. Ranar da sammacinka ya isa gare su, mai yiwuwa ranar ce za su tuna da shi. Ga kuma ɗage-ɗagen shari'a, inji na ajiye yana tsatsa, kai kuma kana hayar na wani.

Shawarata, ka ɗauki Sarkin Ruwa da shugaban ƙungiyarku ta masunta ku je wurin babban jami'in yankin, ba waɗanda suka tare ka ba. Ku tafi da rasiɗin sayen injin mai ɗauke da lambarsa. A bar yaron ya ba da haƙuri a gaban manya. In tarun bai cika awo ba ka haƙura da shi, ka biya abin da doka ta ce a ofis, a ba ka rasiɗi, ka nemi injinka. A ranar ka miƙa takardar neman kayanka a rubuce, a sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka.

In an yi biris da kai, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ba a biyan kuɗi. Bayanta sai Babbar Kotu, a nemi a tilasta haƙƙinka na mallaka. Amma ka riƙe wannan: dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kansu. Akwai togaciya, sai dai ba abin da za ka kwanta a kai ba ne. Mako uku sun riga sun tafi, don haka in sulhu bai haifar da komai ba nan da wata guda, ka kai wa lauyan da ke kusa da kai takardunka da ragowar ragar ya duba da idonsa.