Tambaya da Amsa: Hutun Iyali a Tsibiran Bahar Rum

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu uku, babban yana da shekara 11, auta kuma 2, muna son yin mako guda a wani tsibiri na Bahar Rum. Hutawa muke so, ba yawon da za mu dawo a gajiye ba. Tsakanin Jarba, Malta da Kubrus, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. In abinci da salla ne suka fi damunku, Jarba ta fi sauƙi. Tsibirin Tunisiya ne, yawancin mutanensa Musulmi, nama yankan Musulmi, masallaci ko'ina, kuma bakin ruwan Sidi Mahrez yashi ne mai laushi da ya dace da yara. Sai dai manyan otal-otal na gaɓar an gina su ne don baƙin Turai, ana sayar da giya, ana kiɗa har dare. Dinarinsu kuma ba a fita da shi daga ƙasar, don haka ku riƙa canji kaɗan-kaɗan, ku adana rasit.

Malta ƙarama ce, tsawon babban tsibirin bai wuce kilomita 27 ba, ana jin Turanci ko'ina, akwai babban masallaci a garin Pawla inda ake Juma'a. Gaɓarta galibi duwatsu ce. Mai ƙananan yara ya nufi Melliha, inda ruwan ba shi da zurfi har nesa da baki. Ku guji kwana a unguwar Pachabil ta San Juliyan, matattarar gidajen rawa ce, kamar Ayiya Napa a Kubrus. Wanda ya fi son shiru ya tsallaka ƙaramin tsibirin Gozo na Malta, kimanin minti 25 a jirgin ruwa daga Chirkewwa. Ita kuwa Kubrus, kusa da filin jirgin Larnaka akwai masallacin Hala Sultan a bakin tafkin gishiri, inda ake danganta kabarin da ke ciki da Sahabiya Ummu Haram.

Lokaci ya fi zaɓin tsibiri muhimmanci. Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 30, ga cunkoso, ga tsada. A Mayu gari da daɗi amma ruwan teku da sauran sanyi, auta ba zai jure ba. Mu dai Satumba zuwa farkon Oktoba muka fi so: ruwa ya ɗumama, 'yan makaranta sun koma. Kuma fita ɗaya a rana ta isa, da safe, a dawo kafin azahar.

Tambaya: Matata da 'ya'yana mata suna son iyo amma ba a gaban maza ba. Na ga gidajen haya da aka rubuta suna da tafkin iyo na kansu. Wannan ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, Alhaji, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Abin da mai gida yake nufi shi ne babu wani baƙo da zai shiga ruwan tare da ku. Bai ce babu mai hango ku ba. Gidajen tsibiran nan da yawa a jikin tudu suke, rufinsu shimfiɗaɗɗe, maƙwabta na shanya da shan iska a sama. Hoton talla kuma daga sama ake ɗaukarsa ana kallon ruwa, ba ya nuna tagar benen da ke leƙo tsakar gidan.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi mai gidan ya tsaya a bakin tafkin ya ɗauki bidiyo yana juyawa kusurwa huɗu, kyamara na kallon sama. Ka tambayi tsayin katanga, da ranar da mai wanke tafki yake zuwa da ƙarfe nawa, domin da yawansu da makullinsu suke shigowa ba sallama. Ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka ga abin da ke kewaye. Tsofaffin gidajen gona na Gozo, masu tsakar gida da doguwar katangar dutse, sun fi yawan cika wannan sharaɗi. Tambayi zurfin ruwan kuma, da ko akwai shinge ko ƙofa mai kullewa tsakaninsa da falo. Yaro ƙarami yana nutsewa shiru, ba kuka ba fantsama, don haka ko da shinge, babba ɗaya ya zama aikinsa kallon ruwa kawai, waya a ajiye.

In otal ne, kowanne da dokarsa kan kayan iyo masu rufe jiki, ka sa su amsa maka a rubuce. Kayan su zama na yadin iyo na ainihi. Doguwar riga ta auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta naɗe ƙafa, a cikin igiyar teku hatsari ce. A bakin teku, sassafe kafin ƙarfe 9 ya fi sarari. Jar tuta na nufin kada a shiga. A Malta tuta mai launin shunayya gargaɗi ce kan halittun ruwa masu harbi, irin mai kama da lema. In ta taɓa yaro a wanke wurin da ruwan teku, kada a sa ruwan famfo, kada a goga.

Tambaya: Idan babu gidan abincin halal kusa, ba sai mu tsaya ga kifi da kayan fulawa ba?

Amsa: Dabara ce mai kyau, Malam, amma da 'yan ramuka. Kifin da aka gasa da man zaitun da lemon tsami ba matsala. Shinkafar kayan teku da miyarsu kuwa sau da yawa da farar giya ake dafawa, haka shahararren dafa-dukan zomo na Malta, da jar giya. A Sisili, tsibirin Italiya, ɓawon kannoli, wani kayan zaƙi na gargajiya, da kitsen alade da giyar Marsala ake kwaɓa shi. In ka ga "strutto" a jikin takardar burodi, kitsen alade ke nan. A kudancin Kubrus tsiren da ake kira suflaki galibi alade ne sai in an ce kaza, ita ma a kan waya ɗaya ake gasa su. Kada ka tambaya "wannan halal ne?", ma'aikaci zai iya cewa e don bai ga nama a ciki ba. Tambaye shi abu biyu daban: akwai giya a girkin? Da wane mai aka yi?

Mafita mafi kwanciyar hankali ita ce masauki mai kicin. Ranar farko a nemi mahaucin Musulmi, masu zuwa masallaci za su nuna maka, a sayi naman kwana uku ko huɗu, karin safe da na dare a gida. In Malta, Sisili ko Kubrus za ka, kada ka ɗauko nama ko kayan madara a jaka daga wajen Tarayyar Turai, an hana, za a ƙwace. Garin madarar jarirai da abincinsu an yarda har kilo 2.

Tambaya: Yaya batun biza da salla?

Amsa: Malta da Sisili suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kyauta. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar fita. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45, saboda haka kama masaukin da za a iya sokewa kyauta. Kubrus da Tunisiya kowacce da tsarinta, duba da ofishin jakadancinsu gwargwadon fasfonka.

Alƙibla daga Malta da Jarba gabas ce mai karkata kudu, daga Kubrus ta fi kusa da kudu. A watan Yuni magariba a Malta tana wuce ƙarfe 8, isha ta kusa 10, sai a ciyar da yara tun da rana. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda ya daina ƙasaru, don haka mai mako guda a gida ɗaya cika salla zai yi. A saka buta da darduma marar nauyi a jaka, banɗakunan Malta da Kubrus da yawa babu tiyon tsarki.