Waƙata ce, amma YouTube ya ce ta wani ce

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne a nan Garwa, waƙoƙin biki nake yi. Shekara biyu da suka wuce na shiga wani situdiyo na yi wata waƙa, na biya mai situdiyon sefa 35,000, ya yi mini kiɗa ya haɗa. Waƙar ta karɓu, ta bi wayoyi har Yola da Mubi. Kwanan nan na buɗe tasha a YouTube na ɗora ta, ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo wai waƙar mallakar wani kamfani ce, kamfanin da ko sunansa ban taɓa ji ba. Ban taɓa yi mata rajista a ko'ina ba. Abokina ya ce in goge, in ƙara mata sauri kaɗan, in sake ɗorawa. Shi ke nan na rasa waƙata?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka rasa waƙarka ba, kuma don Allah kada ka bi shawarar abokin nan naka. Mai gida ba ya haura katanga don ya shiga ɗakinsa. In ka ƙara wa waƙar sauri don ta kauce wa na'ura, ka bar wa wancan asalin waƙar ke nan yana ci, kai kuma ka koma kana raɓe-raɓe da gurguwar kwafi.

Bari in fara da maganar rajista, don ita ce ke kashe wa mawaƙanmu gwiwa. A dokar Kamaru mai lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamba 2000, wadda ta shafi haƙƙin mallakar fasaha, haƙƙinka yana tabbata ne tun daga lokacin da ka ƙirƙiri abin. Ba sai ka je ofis ba, ba sai an buga maka hatimi ba. Haka yake a yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Kamaru da Chadi da Nijeriya da Amurka duk suna cikinta, shi ya sa waƙar da aka rera a bakin Binuwai take da kariya a ƙasar da kamfanin YouTube yake. Haƙƙin cin moriyarta naka ne muddin kana raye, kuma magadanka za su ci gaba da riƙe shi har shekara 50 bayan ranka. Rajista hujja ce kawai, ba ita ke haifar da mallaka ba.

To me ya sa saƙon ya zo? Saboda ba mutum ne ya saurari waƙar ba. Tun 2007 YouTube yake aiki da wata na'urar tantancewa mai suna Content ID. Manyan kamfanonin waƙa da dillalan da ke raba waƙoƙi a intanet su ne ke da ikon zuba mata sauti, ita kuma ta ɗauki abin da za a iya kira zanen yatsan sautin ta adana. Duk bidiyon da aka ɗora daga baya sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. In sun yi daidai, sai ta ce wannan na wanda ya fara kawo mata ne. Ka ɗauka kamar kasuwar shanu ta Adumri: an kawo sa da shaidar wuta a cinyarsa, mai duba ya ga shaidar ya ce na wane ne. Bai san wanda ya yi kiwonsa tun yana maraƙi ba. Abin da ya same ka ke nan, wani ya riga ka ɗora wa sanka shaida.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Rahoton da YouTube ya fitar da kansa ya nuna cewa a wata shida na farkon 2021 an yi irin wannan da'awa sama da miliyan 700, kuma fiye da miliyan 2 daga ciki an janye su bayan masu bidiyo sun yi jayayya. Akwai ma waɗanda suka mai da abin sana'a. Wasu mutum biyu a Amurka sun yi da'awar mallakar waƙoƙi kusan dubu 50 da ba nasu ba, mafi yawa na mawaƙan Latin Amurka, suka kwashi fiye da dala miliyan 20 kafin a gurfanar da su a 2021. Mawaƙan da aka cuta da yawa ba su ma san ana karɓar kuɗi da sunan waƙoƙinsu ba.

Kafin ka taɓa komai, buɗe YouTube Studio ka karanta saƙon da kyau, don iri biyu ne kuma nauyinsu ba ɗaya ba. In wayarka da Faransanci take, za ka ga ko dai «revendication» ko «avertissement». Na farko da'awa ce kawai: bidiyon yana nan ko an toshe shi a wasu ƙasashe, kuɗin tallar da ke kansa yana tafiya wurin mai da'awar, amma tasharka ba ta da laifi. Na biyu gargaɗi ne na gaske, yana zuwa ne in wani ya rubuta ƙorafi a hukumance aka sauke bidiyon. Gargaɗi uku in suka haɗu ana iya rufe tashar gaba ɗaya, kowanne kuma sai ya yi kwana 90 kafin ya faɗi, bayan ka bi ɗan darasin da suke bayarwa. Goge bidiyo ba ya goge gargaɗi. Tun da ka ce cikin awa ɗaya saƙon ya zo, na fi kyautata zaton da'awa ce ta na'ura.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Sunan kamfanin da ka gani, galibi ba shi ne ya ɗauki waƙarka ba. Dillali ne, irin waɗanda mutum ke biya kuɗi kaɗan su kai masa waƙa Spotify da Boomplay da YouTube Music. Ɓarawon, in har ɓarawo ne, yana bayan dillalin. A cikin saƙon za ka ga sunan da aka ba waƙar da sunan mawaƙin da aka jingina ta gare shi. Nemi wannan suna a YouTube Music ko Boomplay, ka duba ƙarƙashin waƙar inda ake rubuta ranar fitowa da sunan wanda ya kawo ta. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa.

A abin da na saba gani a nan arewa, hannu uku ne ke yin wannan. Akwai masu tashoshin tara waƙoƙin Hausa da Fulatanci, waɗanda ke tsintar waƙa a WhatsApp ko a wurin masu tura waƙoƙi a mimori, su canza mata suna su miƙa wa dillali. Akwai kuma matsalar kiɗa: in mai situdiyo ya sauko da kiɗan daga intanet, ko ya sayar da kiɗa ɗaya ga mawaƙa biyu, wanda ya fara yin rajista sai ya kama kowa, duk da cewa ƙa'idar YouTube ta hana a sa kiɗan da ba na mutum shi kaɗai ba a cikin na'urar. Na ukun shi ya fi ciwo, wato mai situdiyon kansa.

Na taɓa zama da wani yaro mawaƙi a Marwa kan irin wannan magana. Ya zo a fusace, yana ta rantsuwa cewa 'yan Kano ne suka sace masa waƙa. Muka bi diddigi, sai ga sunan situdiyon da ya yi aikin a ƙarƙashin waƙar. Da la'asar muka je. Mai situdiyon yana zaune gaban kwamfuta, fanka na kaɗa labulen buhun da ya manna a bango don tare ƙara, bai ko musa ba. Ya ce ai shi ya buga kiɗan, shi ya kwana uku yana gyaran murya, kuɗin da aka ba shi ko wutar da ya ƙona bai biya ba, don haka a ganinsa yana da rabo. Wallahi a fuskarsa ban ga alamar wanda ya san ya yi laifi ba. Babu takarda tsakaninsu, kowa da abin da ya fahimta a ransa ranar da aka yi ciniki.

Kuma gaskiya maganarsa ba duka ce banza ba. Waƙa ɗaya da kake ji a waya, a idon doka hawa uku ce. Akwai baitoci da karin waƙa, na wanda ya tsara su. Akwai rerawa, ta mai murya. Akwai kuma naɗin sautin, wanda doka ke ba wanda ya ɗauki nauyi da ɗawainiyar naɗar farko. In kai ka kawo baitoci da kari, ka rera, ka biya kuɗin zama, hujjarka ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma in shi ya ƙirƙiro kiɗan daga kansa, yana iya cewa yana da hannu a tsarin waƙar. Abin da ba shi da shi, shi ne ikon ɗaukar aikinka ya miƙa wa dillali ba da izininka ba. Dokar 2000 ta ce izinin cin moriyar aikin wani dole ya zama a rubuce, ko da ta hanyar saƙon lantarki ne, in babu rubutu izinin bai inganta ba. Don haka tambayar da za ka yi wa duk mai da'awa gajeriya ce: ina inda na rubuta maka na yarda?

Tattara hujjojinka tun yau, kafin waya ta lalace ko wani ya goge hira. Littafin da ka rubuta baitoci. Saƙon muryar da ka tura wa mai situdiyo kana gwada karin, wanda WhatsApp ya sa wa rana da lokaci. Shaidar tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo in da waya ka biya. Bidiyon bikin da ka fara rera waƙar. Mafi ƙarfi duka shi ne muryarka zalla ba kiɗa, wadda ke cikin kwamfutar situdiyo, domin wanda ya tsinci waƙa a mimori da wuya ya iya kawo wannan. Je ka karɓo ta cikin lalama, da filashinka a hannu, kafin ka ta da maganar da kowa.

Sannan ka danna «contester» ka yi jayayya. Rubuta bayani gajere da Faransanci ko Turanci: kai ne marubuci kuma mawaƙin, ga ranar da aka naɗa, ba ka ba kowa izini ba. Mai da'awa yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru da'awar ta faɗi. A lokaci guda ka rubuta wa dillalin kai tsaye, don su ma ba sa son a kama su da kayan sata, kuma sukan sauke waƙa su rufe asusun wanda ya kawo ta in hujja ta bayyana. Wannan hanya ita ke cire tushen, domin muddin sautin yana rumbun na'urar da sunan wani, duk amaryar da ta sa waƙarka a bidiyon bikinta shi za ta tara wa kuɗi.

In aka ƙi jayayyarka kana iya ɗaukaka ƙara, amma a nan sai ka yi hattara. Mai da'awa yana iya mai da martani da neman a sauke bidiyon, gargaɗi ya hau kanka. Abin da ya rage maka sai takardar musu ta hukuma, wadda ta samo asali daga dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. A cikinta za ka ba da cikakken sunanka da adireshinka, a miƙa wa abokin rigimar, kuma ka yi rantsuwa kan abin da ka faɗa. Daga nan yana da ranakun aiki 10 ya nuna ya kai ka kotu, in bai nuna ba a mai da bidiyon. Mai gaskiya yakan yi nasara a nan, don mai tsintar waƙa ba ya zuwa kotu. Amma in kana da shakka kan kiɗan, kada ka rantse sai ka tabbatar daga ina ya fito.

In abin ya zama na gida ne, mutumin yana Garwa ko Ngaundere, ni dai ina ganin a fara da zama, da dattijon da ku biyu kuke jin nauyinsa. Doka tana da haƙora: satar fasaha a Kamaru hukuncinta ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko ɗaya daga ciki, kuma «huissier», wato jami'in shari'a mai rubuta shaida a hukumance, yana iya rubuta maka shaidar abin da ke shafin intanet ɗin kafin a goge. Sai dai yanki ɗaya kuke, gobe ma situdiyo za ka nema. Yaron Marwan nan da sulhu aka gama: aka mai da waƙar sunansa, aka yanka wa mai kiɗa kaso, aka rubuta a takarda ɗaya kowa ya sa hannu. Ko rikicin waƙar Zangalewa da ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru ta fitar a 1986, wadda aka ɗauki amshinta a waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010, da yarjejeniya aka kashe shi, kuma abin da ya tsaya wa 'yan Kamarun shi ne duniya ta san ranar da tasu ta fito.

Game da rajista nan gaba, SONACAM ce ƙungiyar da ke kula da haƙƙin mawaƙa a Kamaru, a Chadi kuma BUTDRA. Shiga cikinsu yana ba ka takarda mai kwanan wata da kuma rabo daga abin da ake karɓa a gidajen rediyo da wuraren taro, amma ba su ne ke sa waƙarka cikin na'urar YouTube ba. Wannan sai ta hannun dillali, kuma ya kamata kai ka riga kowa, tun kafin waƙar ta fita daga situdiyo zuwa waya ta farko. Wasu kan tafi OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da ke Yawunde, alhali abin da aka fi yi wa rajista a can shi ne tambarin kasuwanci da ƙirƙirar masana'antu, sai dai in sunanka na waƙa kake son karewa.

Waƙarka ta gaba kuma, kafin ka tsaya gaban makirfo, ku rubuta layi huɗu ko da a WhatsApp ne, shi ya amsa da «na yarda»: wa ya tsara baitoci da kari, kiɗan daga ina ya fito kuma ko an sayar wa wani, kuɗin da ka biya na aiki ne ko da rabo, kuma wa ke da ikon miƙa waƙar ga dillali. Ka turo mini hoton saƙon da YouTube ya aiko maka, musamman layin da ke ɗauke da sunan waƙar da na mai da'awa, in duba maka wane iri ne kafin ka danna komai.